Injin layi uku a shago mai layi ɗaya: shin VFD za ta fisshe ka?

Wani kafinta daga 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Na sayi injuna biyu na hannu, na gugar katako mai ƙarfin doki 3 da na zarto mai ƙarfin doki 7.5. Duka wuta mai layi uku suke sha, shagona kuwa layi ɗaya ne. Wani mai kayan wuta a France Road ya ce in sayi VFD babba guda ɗaya, za ta ja su duka, har ta rage mini kuɗin wuta. In saya, ko in nemi KEDCO su jawo mini layi uku?"

Malam, Allah ya sa wa injunan albarka. Ka riƙe kuɗinka tukuna, ka je ka goge ƙurar da ke kan ɗan farantin ƙarfen nan da aka manna a jikin kowane moto, domin amsarka tana rubuce a wurin.

Aikin VFD, wato na'urar sarrafa gudun moto, shi ne ta karɓi wutar da ka ba ta, ta tara ta a cikinta, sannan ta fitar da ita layi uku. Amma yawancinsu ba sa ƙara mata ƙarfi. Wutar shagonka bolt 230 ce, don haka abin da zai fito layi uku ne na bolt 230, alhali layi ukun KEDCO, kamfanin rarraba wutar Kano, bolt 400 ne ko 415. Nan mutane suke tafka asara. In ka ga an rubuta 230/400 ko 220/380 a farantin, tare da alamar Δ/Y, to ka dace: mai gyaran wuta zai buɗe akwatin wayoyin moton, ya juya 'yan ƙarafa ukun da ke haɗa kusoshi shida daga haɗin sita (Y) zuwa na delta (Δ), shi ke nan moto zai yi aiki da cikakken ƙarfinsa. Ƙananan motoci galibi haka suke, kuma ina sa ran na gugarka yana ciki. In kuwa 400/690 ka gani, kamar yadda aka saba a manyan motoci, bolt 230 ba za ta ishe shi ba. Zai juya in babu kaya, amma da zarar katako mai kauri ya shiga bakin zarto sai ya durƙushe. Ka kuma bincika ko an taɓa sake naɗa masa koyil, don wasu masu naɗi waya uku kawai suke fitowa da ita maimakon shida, sai a rasa yadda za a juya haɗin.

To a kan injin guga, shawarata ka saya. Doki 3 kilowat 2.2 ke nan, wanda kusan shi ne iyakar da manyan kamfanoni irin su ABB da Schneider da Delta suke tsayawa a VFD mai shan layi ɗaya. Babbar ribarta tana wajen tashin inji. Moton da aka jona kai tsaye yakan zuƙi wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha in yana gudu, shi ya sa ƙwai ke dushewa, maƙwabta su fito suna mita, ƙaramin janareta kuma ya shaƙe ya mutu. VFD tana tayar da shi a hankali cikin daƙiƙun da ka saita mata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ko wannan kaɗai abin lissafi ne, domin janaretan da ya fi ƙanƙanta zai iya ɗaukar aikin. Sai dai ka ja mata waya mai kauri daga mita, za ta sha wajen amfiya 20.

Maganar guda ɗaya ta ja injuna biyu kuwa, ka bar ta a France Road. Kowace VFD ana saita ta ne da lambobin moto guda, musamman amfiyar da ke farantinsa, da haka take gane ya yi nauyi ta kashe shi kafin ya ƙone. Kuma ba a sa makunni tsakaninta da moto. In kana kunna wannan kana kashe wancan alhali tana aiki, ba za ta daɗe ba. Tsohon makunnin injin ma sai an mayar da shi kan ƙananan wayoyin umarninta.

Batun rage kuɗin wuta shi ma da gyara. Gaskiya ne a famfon ruwa da fanka, inda rage gudu kaɗan ke rage shan wuta sosai. Zarto da injin guga kuwa a cikakken gudunsu suke aiki, 50Hz, saboda haka mita za ta karanta kusan abin da ta saba. Ko kana kan Band A, rukunin masu biyan wuta mafi tsada, da aka kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta, kada ka sa wannan ragi a lissafinka.

Zarton shi ne mai wuyar sha'ani. Kilowat 5.5 a kan layi ɗaya zai haura amfiya 40, kuma da wuya wayar shagon haya ta jure, balle taransifomar da kowa ya rataya a kai. Akwai VFD 'yan Chaina da ke ɗaga bolt 220 zuwa 380, suna aiki, amma ni ba zan ɗora abincin gidana a kansu a wannan girman ba. Araha ba ta ado. Wannan injin layi uku na gaske yake so. Ka tambayi ofishin KEDCO na yankinka abin da jawowar za ta ci, waya da mita, a rubuce, sannan ka zauna da maƙwabtanka masu injuna ku ga ko za ku raba kuɗin waya da turaku, kowa da mitarsa. In an jawo, ka sa na'urar da ke kashe inji idan layi ɗaya ya ɗauke. Kuɗinta kaɗan ne, kuma ɗaukewar layi ɗaya na cikin manyan abubuwan da ke tura motoci wurin masu naɗin koyil.

Ga yadda za ka auna ko ta biya. Ka rubuta abin da kake kashewa a mako wajen kai katako guga a injin wasu, har da kuɗin ɗauka da dawowa, ka ƙara abin da abokan sana'a za su riƙa biyanka in naka ya tashi. Da wannan za ka raba jimillar kuɗin VFD da waya da akwati da ladan mai haɗawa, sai makonnin su fito. Ka kuma tambayi farashin moto mai layi ɗaya na doki 3, wani lokacin ya fi sauƙi, ko da yake ya fi jan wuta wajen tashi kuma kafasitonsa yana yawan mutuwa.

Saura akwatin da na ambata, kada ka ɗauke shi ƙawa. Yawancin waɗannan na'urori a buɗe suke, fanka na zuƙo iska ciki, kuma an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 50 ba. Ka tuna shagon kwano a watan Afrilu, ga garin katako, ga ƙurar hunturu. A kafa ta a bango nesa da bakin inji, cikin akwati mai matatar iska, a riƙa hure ta duk mako. A yi mata wayar ƙasa ta gaske. Ka kuma gargaɗi yaranka: ko an kashe wuta, cikinta yana riƙe da cajin da zai iya kashe mutum, sai an jira minti 10 kafin a taɓa wayoyinta.

Ranar saye ka tafi da hoton farantin moton a wayarka da mai gyaran da zai haɗa. Kada ka biya sai an gwada ta da moto a gabanka, an ba ka littafinta, an kuma rubuta garanti a jikin rasit.