Butar shayin da aka buga wa WH 90 a gindi

Tambaya: Salam Malam. Wata tsohuwar butar shayi na gada wajen kakana, fara sol kamar azurfa, jikinta duk zanen dodon nan na 'yan China mai kama da maciji, mariƙinta kamar gora. A gindinta an buga WH da 90 da wani rubutun China. Wani ya ce ta fadar sarkin China ce, wani ya ce gwangwani ce kawai. Don Allah wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam. To ɗan'uwa, maganar fada dai ka cire ta daga ranka, amma kuma kar ka yarda a raina maka ita. Bayan yaƙin ofiyom na farko (yaƙin Ingila da China kan cinikin ofiyom, wani kayan maye) an yi yarjejeniyar Nanjing a 1842, aka tilasta wa China buɗe tashoshin ruwa biyar, Turawa suka yanki unguwanni nasu na kansu da dokarsu da 'yan sandansu, a Shanghai Faransa ta samu nata a 1849, na Ingila da Amurka suka haɗe a 1863, haka aka yi ta zama har 1943. Su waɗannan baƙin ne maƙeran China suka riƙa ƙera wa kaya, shi ya sa ƙirar butar ta Bature ce amma adon na China.

WH ɗin nan Wang Hing ne, shahararren shagon azurfa a Hong Kong a wancan zamanin (ita Hong Kong a lokacin mallakar Ingila ce kacokan, ba unguwa aka yanka ba). Shagon saidawa yake yi, rubutun Chinan nan galibi tambarin maƙeran da suka yi aikin ne, 90 kuma kashi 90 cikin 100 azurfa kenan.

Sai dai fa tambari ana yin na jabu, kuma akwai paktong, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki, shi ma fari ne yana ruɗin ido, maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba don azurfa da paktong duka biyun ba ya kama su. Ka duba ɓawon jikin dodon, aikin hannu ba ya zuwa daidai wa daida, kuma in ka leƙa ciki sau da yawa za ka ga lotsawar bugun da aka yi ta cikin butar. Ka kai wa masanin azurfa ya gwada.

Kuma don Allah kar ka dirje ta da soson ƙarfe, baƙin nan da ya kwanta a lungunan zanen masu saye suna nemansa. Tsumma mai laushi ya wadatar.