Hassada ce ko kishi? Amsa ga mai jin haushin Djokovic

Wani matashi daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya aiko da wannan: "Malam, barka da aiki. A fadarmu ni ne mai kallon tanis, kuma gwanina Rafael Nadal ne. Novak Djokovic kuwa ba na son ko ganinsa, ranar da ya ci wasa har shayi ba ya yi mini daɗi. Abokaina sun sa ni gaba, kullum sai su ce mini hassada ga mai rabo taki ce. Don Allah abin da nake ji hassada ce? Ni dai mutumin nan bai taɓa yi mini komai ba."

Ɗana, barka kadai. Abokanka sun jefe ka da kalma mai nauyi, don haka mu auna ta tukuna kafin ka karɓa.

Hassada aro ce daga Larabci, kuma ta shigo Hausa da kayanta na addini. Malamai suna bayyana ta da cewa burin gushewar ni'ima ne daga wanda Allah ya ba, ko da kai ba za ka samu ba. Ƙyashi kuwa tamu ce ta gida, kuma ta fi sauƙi: rai ne yake sosuwa in an ga abu a hannun wani, ana jin bai kamata ya samu ba. Sai kishi, wanda mutane ke yawan cakuɗa shi da waɗannan biyu alhali hanyarsa daban. Mai kishi yana da nasa, nasan yake karewa. Daga nan aka sami kishiya, daga nan kuma aka sami kishin ƙasa da kishin kai, waɗanda yabo ne. Ba ka taɓa jin an yabi mutum da hassadar ƙasa ba.

To kai me kake karewa? Nadal. Ya ci manyan gasannin tanis huɗu, wato ta Ostareliya, ta Faransa, ta Wimbledon a Ingila da ta Amurka, sau 22, har 14 daga ciki a Roland Garros ta birnin Paris, inda ake ganin fagen nasa ne. Sai ga Djokovic, ɗan Sabiya, ya zo wannan fagen a watan Yuni na 2023 ya ɗauki kofinsa na 23, ya wuce gwaninka a cikin gidansa, ya ƙara na 24 a Amurka a shekarar. Sun kara sau 60, Djokovic ya ci 31, Nadal 29, kuma karonsu na ƙarshe a gasa, a wasannin Olamfik na 2024 a Paris ɗin dai, Djokovic ne ya yi galaba har ya je ya ɗauki zinariya. Wanda duk ya yi shekaru yana raba dare don Nadal, dole wannan lissafi ya tsaya masa a wuya. Sunan wannan kishi. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Kantu lokacin gasar takobi ya san shi: in Issaka Issaka na Doso ya kayar da ɗan Maraɗi, filin kan yi tsit, kuma ba wanda zai ce dubban mutanen nan mahassada ne. Nasu suke so.

Inda za ka gane kishi ya rikiɗe shi ne ranar da ka ji daɗi don Djokovic ya ji ciwo a gwiwa, ko ka yi fatan wani abu ya same shi a wajen fili. Nan an bar maganar Nadal, an shiga abin da abokanka suka faɗa. Wannan kai kaɗai ka san amsarsa.

Kalmar ƙiyayya ma ba ta zauna maka daidai ba, in an bi ginin kalmar. Ɗafin nan na -ayya yakan nuna abin da ke tsakanin ɓangare biyu: so, soyayya, ja, jayayya, ƙi, ƙiyayya. Mutumin da bai san da zamanka a duniya ba, yaya za ku yi ƙiyayya? Na san yau ana faɗinta ko da ta gefe ɗaya ce, ban kuma hana ba. Amma abin da Bahaushe zai ce a nan shi ne "haushinsa nake ji", ko "jininmu bai haɗu ba". Tsana ta fi su zafi, don ita takan haɗa da sa ido da neman laifi.

A kan jinin nan nake so in daɗe, domin a ganina shi ne bakin zaren. Hausa ta ware iyawa daban, farin jini daban. Mutum zai iya fin kowa aiki ya kasance mai baƙin jini, ma'ana zukata ba sa karkata gare shi, kuma ba lallai da wani dalili ba. Djokovic ya taso ya tarar Roger Federer da Nadal sun riga sun raba masoya tsakaninsu, shi ya zo na uku ya ɓata rabon. Ya yi sama da makonni 400 jimilla a kan gaba a jerin gwanayen duniya, ya ci gasar Ostareliya sau 10, amma sau tari ƴan kallo abokin karawarsa suke yi wa tafi. Akwai kuma gundura, don in mutum ɗaya ke ci kullum, kallo yakan rasa armashi.

Ba na cewa ba shi da abin faɗa. A gasar Amurka ta 2020 an kore shi bayan ya buga ƙwallo cikin fushi ta sami wata mai kula da layi a wuya, duk da ba da gangan ya nufe ta ba. A Janairun 2022 hukumomin Ostareliya sun soke takardar shigarsa suka fitar da shi daga ƙasar a kan batun allurar rigakafin korona. Wanda ya ce waɗannan ne suka sa ya fita ransa, yana da hujja. Amma ka tambayi kanka ko tun kafin 2020 kake jin haushin. In haka ne, to karin maganar da ta dace da kai wata ce: maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura. Kishiyarta ita ce so hana ganin laifi, kuma ina zaton ita ce ke aiki in an zo kan Nadal.

Ita kuwa maganar abokanka, ko da ba ta kama ka ba, ta kama Djokovic. Taki ƙazanta ne da ake kwashewa daga turke a kai gona, abin da ake toshe wa hanci shi ke sa gero ya yi kyau. Ma'anar ita ce mugun nufin mutane ƙara wa mai rabo yake yi. Dubi wasan ƙarshe na Wimbledon a 2019. Kusan filin duka Federer yake so. A zagaye na biyar Federer ya kai inda maki ɗaya ya rage masa ya ɗauki kofi, har sau biyu, Djokovic ya kuɓuta, ya ci wasan bayan kusan awa biyar. Daga baya ya ce in jama'a na kiran sunan Roger, shi Novak yake sa kunnensa ya ji. Mun saba cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan bai fi ba.

Wata malama daga Tibiri ta yi tambaya a kan wannan karin maganar ta wata fuska: me ya sa ake cewa "taki ce" alhali taki namiji ne, muna cewa takin nan, ba takir nan ba? Malama, kunnenki ya ji daidai, taki namiji ne. Sai dai "ce" ɗin ba taki take bi ba, hassada take bi, wadda ita ce ake magana a kanta kuma mace ce. Za ki ji wasu na cewa "taki ne", suna bin kalmar da ta fi kusa, kuma ba zan kira shi kuskure ba. Da yawa ma sukan tsaya a "taki" kawai, kamar yadda karin magana ta saba yar da abin da mai sauraro zai iya cikewa da kansa.