Hawan Mahamat Déby a Chadi: gado ne ko juyin mulki?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina zirga-zirga tsakanin Maiduguri da Njamena. Kullum musu muke yi a tasha. Wasu su ce hawan Mahamat Déby a 2021 juyin mulki ne, wasu su ce a'a, tunda ba a kifar da kowa ba, ubansa rasuwa ya yi. In juyin mulki ne, me ya sa aka dakatar da Mali da Nijar, ba a taɓa Chadi ba? Kuma tunda ya ci zaɓe daga baya, ai magana ta ƙare ko?

Amsa: Barka kadai, Alhaji, Allah ya ba da sa'ar kasuwa. Kai tsaye zan faɗa maka: juyin mulki ne. Abin da ke rikita abokan musunka shi ne mun saba ganin sojoji sun kama shugaba sun tsare shi, kamar yadda aka yi wa Bazoum. A Chadi kuwa kundin tsarin mulki aka kifar, tun kafin a yi jana'izar mai kujerar.

Ran 19 ga Afrilun 2021 aka bayyana cewa Idriss Déby, wanda ya hau mulki tun Disambar 1990, ya sake lashe zaɓe da kusan kashi 79 cikin ɗari. Washegari da hantsi sai ga kakakin soja, Janar Azem Bermandoa Agouna, a talabijin, hafsoshi sun jeru a bayansa, yana karanta takarda cewa shugaban ya rasu sakamakon raunin da ya samu a fagen fama da 'yan tawayen FACT a yankin Kanem. A cikin wannan takardar dai aka rushe gwamnati, aka rushe majalisar dokoki, aka jingine tsarin mulki, aka rufe iyakoki, aka ce majalisar janar-janar 15 za ta riƙe ƙasa wata 18. Wanda aka ɗora a kanta shi ne ɗan mamacin, Mahamat, mai shekara 37, kwamandan dogarawan fadar shugaban ƙasa.

To, me doka ta ce? Tsarin mulkin Chadi bai bar wannan a duhu ba. In shugaba ya rasu, shugaban majalisar dokoki ne zai yi riƙon ƙwarya, a shirya zaɓe cikin kwana 45 zuwa 90. Haroun Kabadi ne ke kan wannan kujera, aka ce shi ya ƙi karɓa saboda halin yaƙi da ake ciki. Ko da hakan gaskiya ne, ƙin mutum ɗaya ba ya mayar da mulki hannun barikin soja, majalisa tana da mataimakan shugaba. Sannan ka tambayi masu cewa gado ne: a jamhuriya, wace aya ce ta ce ɗa ya gaji uba? An taɓa yin irin wannan a Togo a Fabrairun 2005, da Eyadéma ya rasu sojoji suka naɗa ɗansa Faure alhali kakakin majalisa yana waje, suka rufe iyaka don kada ya sauka. A wancan karon ECOWAS da Tarayyar Afirka sun tsaya kai da fata har Faure ya sauka na ɗan lokaci.

Chadi kuwa ba ta ga irin wannan matsi ba, kuma dalilin ya shafe mu kai tsaye. Kai da ke bin hanyar Gamboru ka fi ni sanin cewa a 2015 sojojin Chadi ne suka tsallako suka fatattaki Boko Haram daga Gamboru da Dikwa, su da na Nijar kuma suka ƙwato Damasak. Hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Njamena take, haka ma hedkwatar rundunar Barkhane ta Faransa a lokacin. Kowa na tsoron in sojan Chadi ya dare, wutar za ta kama har Borno da Diffa. Shi ya sa ran 23 ga Afrilu Shugaba Macron ya zo jana'iza da kansa, ya zauna kusa da Mahamat. Tarayyar Afirka kuma, wadda ta dakatar da Mali da Gini a wannan shekarar, ta dakatar da Burkina Faso a 2022 da Nijar a 2023, sai ta bar Chadi da sharaɗi biyu: kada riƙon ƙwarya ya wuce wata 18, kada ɗaya daga cikin janar-janar ɗin ya tsaya takara. Ni dai ina ganin nan aka yi babban kuskure. Tsoron da aka ji na gaske ne, ban raina shi ba, amma an nuna wa mai bindiga cewa in ana bukatarsa, dokar da ke kan kowa ba ta kansa.

Duka sharuɗɗan biyu an taka su. Taron ƙasa da aka kammala a Oktoban 2022, wanda manyan 'yan adawa da FACT suka ƙaurace masa, ya ƙara wa Mahamat wata 24, ya kuma ba shi damar takara. Ran 20 ga Oktoba, ranar da wa'adin farko ya cika, mutane suka fito kan titi a Njamena da Moundou da wasu garuruwan kudu. Aka buɗe musu wuta. Gwamnati ta fara cewa mutum 50 ne suka mutu, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ƙirga 128, 'yan adawa suka ce sun fi haka nesa. Ɗaruruwan matasa aka loda a manyan motoci zuwa kurkukun Koro Toro, can cikin hamada, wasu ƙishirwa ta kashe su a hanya. A can aka yi wa mutum 401 shari'a a 'yan kwanaki ba tare da lauyoyinsu ba, aka ɗaure 262. Shekara guda bayan haka aka yi dokar afuwa da ta rufe maganar, har da waɗanda suka yi harbin. Wannan afuwa ita ta fi ci mini rai, domin uwar da aka kashe wa ɗa ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Yanzu ga zaɓen da ka ambata. An yi shi ran 6 ga Mayun 2024, aka ce Mahamat ya samu kashi 61, jagoran 'yan adawa Succès Masra ya samu wajen 18. Amma duba abin da ya gabace shi. Ran 28 ga Fabrairu sojoji suka kewaye ofishin jam'iyyar Yaya Dillo, ɗan'uwan Mahamat kuma ɗaya daga cikin masu ja da shi, aka kashe shi, sannan aka kawo katafila ta baje ginin. Shi kuwa Masra, wanda ya gudu bayan kisan Oktoba, an dawo da shi aka ba shi firaminista a Janairun 2024, ya yi takara yana cikin gwamnatin wanda yake ƙalubalanta. Ya ƙi amincewa da sakamakon, ya ajiye muƙami. A Mayun 2025 aka kama shi, a Agusta aka yanke masa shekara 20. Zaɓen da mai riƙon ƙwarya ya shirya, bindiga na hannunsa, ɗaya daga cikin manyan abokan hamayyarsa na kabari, ba ya wanke yadda aka hau kujerar tun farko.

Haka kama-karya ke ginuwa, sannu-sannu, kowane mataki da takardarsa ta doka. An yi ƙuri'ar raba gardama kan sabon tsarin mulki a Disambar 2023, an yi zaɓen majalisa a Disambar 2024 inda jam'iyyar MPS mai mulki ta kwashe kujeru 124 cikin 188, a watan ne kuma aka ba Mahamat muƙamin Marshal irin na ubansa. Wannan majalisar ce a Oktoban 2025 ta gyara tsarin mulki, ta mayar da wa'adin shugaban ƙasa shekara 7, ta kuma cire iyakar sau nawa zai iya tsayawa. In abokan musunka suka sake cewa ba a kifar da kowa ba, ka tuna musu cewa wata 18 aka yi alkawari ran 20 ga Afrilun 2021.