Baba yana kan kemo, mu ba shi maganin ƙarin jini?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa mahaifina aikin sankarar babban hanji a asibitin koyarwa na Shika, yanzu an ɗora shi kan kemo, wato maganin sankara: ƙarin ruwa na oxaliplatin duk bayan mako 3, da ƙwayar capecitabine da yake sha a gida. Ya rame, ba ya iya cin abinci, yatsunsa kuma suna yi masa kamar ana tsira allura. Yayana ya sayo masa maganin ƙarin jini na kwalba da bitamin B da bitamin C daga kemis. Mu ba shi? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan wannan jinya. Ki ajiye kwalaben nan tukuna, ranar asibiti ki zuba su a leda ki kai wa likitansa ya karanta abin da ke jikin kowacce.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne maganin ƙarin jinin, domin yawancinsu akwai folik asid, wani nau'in bitamin B, a ciki. Capecitabine idan ta shiga jiki tana rikiɗewa ta zama wani magani da ake kira 5-FU, wanda aikinsa shi ne hana ƙwayoyin sankara hayayyafa. Folik asid da danginsa suna ƙara wa 5-FU ƙarfi. Mu kanmu muna amfani da wannan, shi ya sa masu karɓar 5-FU ta jijiya ake haɗa musu da leucovorin, wani daga dangin folik asid, amma a bisa awo. Shi kuwa Baba an lissafa masa ƙwayarsa ne da tsawonsa da nauyinsa, ba a sa wani ƙari daga kemis a lissafin ba. Idan ƙarfin ya wuce kima, lafiyayyen jiki ne ke ɗanɗana kuɗarsa: zawo mai tsanani, gyambon baki har ruwa ya gagara haɗiya, tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsattsage. Hatta ƙananan ƙwayoyin nan na folik asid masu miligiram 5, da ake ba masu juna biyu da masu sikila, kada wani ya miƙa masa don tausayi.

Ba na musun cewa jininsa zai iya yin ƙasa. Wannan ciwo yakan tsiyayar da jini a hankali ta bayan gida tun kafin a gano shi. To a gwada, a ga abin da ya rasa. Idan sinadarin ƙarfe ne, ana iya ba shi shi kaɗai, ko a ƙara masa jini. Sai dai ki sani ƙarfe yana baƙanta bayan gida, yana iya ɓoye zubar jini.

Batun yatsu kuwa aikin oxaliplatin ne, kuma sanyi ke tayar da shi. Kin san hunturun Zariya. A ɗumama masa ruwan alwala, ya sa safar hannu da ta ƙafa da asuba, ya ƙaurace wa ruwan firji da ƙanƙara musamman kwanakin farko bayan ƙarin ruwa. Bincike bai tabbatar bitamin B yana hana wannan ba, kuma B6 idan ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiyoyi. Abin da ke taimakawa shi ne a gaya wa likita da wuri. Idan har ɓalle maɓallin riga ya fara yi masa wuya, ana rage oxaliplatin ɗin ko a dakatar da shi.

Bitamin C na lemu da gwaba ba laifi. Manyan ƙwayoyin nan masu miligiram 1,000 ne ba ma so a lokacin kemo, don ana fargabar su rage kaifin maganin. Alayyahu da kwaɗon zogale ma ba laifi, a wanke da kyau, a dafa, ya ci. Garin zogale na kafso da haɗe-haɗen gargajiya su jira.

Idan kuma an riga an fara ba shi magungunan kemis ɗin nan, a tsayar da su yau, a sanar da likita. In zawo ya kai sau 4 sama da yadda ya saba a rana, ko zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko baki ya hana shi sha, ya dakata da capecitabine ku wuce asibiti ko da tsakar dare ne, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.