Tambaya da Amsa: Wai a Zungeru aka haɗe Najeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zungeru ne, tun muna yara kakanmu ke nuna mana kangon gidan gwamna yana cewa nan aka sa hannu aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, shi ko Zungeru ma ba ya cewa, sai dai Dungurum. To ran nan muna hira a majalisa wani ɗalibi ya ce wai ƙarya ne, a Legas aka yi, har abin ya kusa zama rigima. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Allah ya saka wa kakanku da alheri, domin ba don irinsu ba da yanzu babu wanda zai tsaya ya kalli kangon nan ma. Amma a wannan gaɓar ɗalibin ya fi kusa da gaskiya. Takardun haɗewar a Landan aka shirya su a ƙarshen 1913, kuma ranar 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga (Lord Lugard) yana Legas, can ya yi jawabinsa. Sannan abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, babu wani zama da aka yi inda sarakunan Arewa da manyan Kudu suka ɗauki alƙalami suka sa hannu, umarni ne kawai na Turawa daga sama, ba a nemi shawarar kowa ba.

To me ya kawo Zungeru cikin maganar? Ai a ranar da aka yi haɗewar Zungeru ce hedikwatar Arewa baki ɗaya, tun 1902 Lugga ya tare a nan bayan zaman Lakwaja da Jebba, kuma hedikwatar na nan aka ci Kano a Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a Maris. Ka ga garin da daga cikinsa ake juya ƙasa tun daga Barno har Kabi, ba abin mamaki ba ne mutanensa su ɗauka duk wani babban al'amari a ƙofar gidansu aka yi shi. Ni a ganina Zungeru ba ta buƙatar a ara mata labari, nata na gaskiya ya ishe ta, abin da ke damuna shi ne yadda aka bar gine-ginen ciyawa na cinye su muna ta gardama a kan sa hannu.

Tambaya: Malam ni daga Kaduna nake. Wata 'yar gada ta ƙarfe da ke wurin shaƙatawa na Gamji, an ce wai daga Zungeru aka ɗauko ta. Ana ɗaukar gada kuwa?

Amsa: Ana ɗauka Hajiya, in ta ƙarfe ce mai noti. Gadar ƙafa ce da aka kafa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna aka sake ɗaurawa, a 1956 kuma aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa. Mahaifiyata 'yar Wushishi ce, tana yawan ba mu labarin da ta ji wurin kakarta na wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da ke wucewa ta wajensu tun kafin na Kano. Mu dai dariya muke yi, muna ganin tatsuniya ce. Akwai shi?

Amsa: Ku daina dariya, ku je ku ba Mama haƙuri, gaskiya ta faɗa. Matsalar da Turawa suka samu ita ce kogin Kaduna ba ya ɗaukar jirgin ruwa har Zungeru, kaya sai su tsaya can ƙasan kogi, shi ya sa tun farkon zuwansu suka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga bakin kogi a Barijuko ya bi ta Wushishi zuwa Zungeru, kusan mil 22, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. Wannan shi ne jirgin ƙasa na farko a Arewa, ya riga na Baro zuwa Kano wanda sai 1911 ya isa Kano. Da babban layi ya zo sai aka daina amfani da shi, aka kwashe kayansa aka kai layin Zariya zuwa Jos na kwasar kuza, wanda shi ma aka rufe a 1957.

Kuma fa babban layin nan yana cikin abin da ya rage wa Zungeru girma. Da layin Legas ya biyo ta Jebba da Zungeru ya haɗu da na Baro a Minna, sai mahaɗa ta zama Minna, gwamnati kuma ta ga Kaduna ta fi iska mai daɗi ga fili ga ruwa ga kusanci da manyan masarautu, Zungeru kuwa zafi da sauro sun ishe su, zuwa 1917 an kwashe ofisoshi kaf an koma Kaduna. Don Allah ki samu lokaci ki zauna da Mama ki kunna rikoda a wayarki, ki tambaye ta inda layin ya bi, da sunayen unguwanni, da waƙar da yara ke yi in ta tuna, irin wannan ba a samun sa a fayil ɗin Bature.

Tambaya: Wai da gaske ne Zik da Ojukwu duk a Zungeru aka haife su?

Amsa: Da gaske ne. Nnamdi Azikiwe ranar 16 ga Nuwamba 1904, lokacin mahaifinsa na aikin akawu a gwamnatin Turawa, kuma da Hausa a bakinsa ya tashi kafin a tura shi Onitsha wurin dangi. Ojukwu kuma 4 ga Nuwamba 1933, lokacin hedikwata ta daɗe da tashi amma tashar jirgi na nan tana tara 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina. Wanda duk yake da tsohon hoto na tashar ko na unguwar akawuna, ko ya san dattijon da ya san wuraren, ya aiko mana za mu buga a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.