An naɗa ni editar jaridar makaranta, ina tsoron shugaba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Kano. An naɗa ni editar jaridar da muke liƙawa a allon sanarwa. Muna da yawa a ƙungiyar, amma mutum uku ne kawai ke kawo rubutu. Ga shi kuma ɗalibai sun matsa mini sai na rubuta labarin ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ni kuwa ina tsoron shugabar makaranta. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya taya ki riƙo. Bari in fara da maganar ruwan, don na san ita ke hana ki barci.

Ki rubuta labarin. Sai dai abin da ƙawayenki ke so ki liƙa musu ƙorafi ne, kuma ƙorafi kowa ya iya shi. Aikinki ya wuce nan. Ki ɗauki littafi da biro ki zagaya: famfo nawa ne a makarantar, nawa ke kawo ruwa? Tun yaushe aka shiga wannan hali? Ƙarfe nawa ɗalibai ke tashi bin layi, kuma su nawa ke makara darasin farko saboda haka? Sannan ki nemo sanadi. Ruwan famfon birnin Kano daga matatu irin su Challawa da Tamburawa yake fitowa, amma makarantu da yawa da rijiyar burtsatse suka dogara. In taku burtsatse ce, injin ne ya lalace, ko wuta ce babu, ko kuɗin man janareta ne ya gagara? Mai gadi da mai kula da injin sun fi kowa sanin amsar, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba. Duk abin da mutum ɗaya ya faɗa miki, ki nemi na biyu ya tabbatar kafin ki sa shi a takarda.

Idan kin haɗa wannan, ki sami malamar da ke kula da ƙungiyarku, ku je ofishin shugaba tare, tun kafin a liƙa komai. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce, "Hajiya, muna haɗa labari a kan ruwa, mun zo mu ji ta bakinki." Wannan ba fadanci ba ne, ƙa'idar aiki ce: duk wanda labari ya shafa ana ba shi damar magana. Sau da yawa za ki tarar ta riga ta kai kuka ma'aikatar ilimi, kuma za ta so a ce ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai sun ji halin da ake ciki. Shugaba ba gaskiyar take gudu ba, abin da ba ta so shi ne ta fito da safe ta tarar da ɗalibai sun yi cincirindo a gaban allo suna karanta abin da ba ta san da shi ba.

Za ki ji masu cewa sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Haka ne. Amma allon na makaranta ne, takardar ma ita ta saya, don haka ita ce mai jaridar. Ba a kanki aka fara ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta hukuma ce a zamanin Turawa. Jaridar Triumph ta nan Kano gwamnatin Abubakar Rimi ce ta kafa ta a 1980. Editocinsu duk sun yi aiki da mai gida a kansu, kuma abin da ke ba edita bakin magana a irin wannan wuri shi ne a san ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

To in ta ce a'a fa? Ki tambaye ta cikin ladabi wane ɓangare ne bai yi mata ba, don wani lokaci jimla ɗaya ce matsalar. In ta hana gaba ɗaya, ki miƙa mata binciken a matsayin wasiƙa daga ƙungiya. Kada ki yarda wata ta zuga ki ki watsa shi a Facebook ko WhatsApp idan kun je hutu. Ranar da abin zai dawo, ke kaɗai za a kira. Haka nan sunan ɗalibar da aka hukunta, gulmar malamai, hoton wata ba da izininta ba, da ba'ar addini ko ƙabila, kada ko ɗaya ya hau allonki.

Su kuwa waɗanda ba sa kawo rubutu, yawanci ba lalaci ba ne, ba a faɗa musu abin da za su yi ba ne. "Ki kawo labari" ba umarni ba ne. Ki ce, "Ki je wurin malamin Kimiyya ki yi masa tambaya uku a kan gasar kacici-kacici, ki kawo mini layi goma ranar Alhamis." Mai kyawun rubutun hannu ta kwafe, mai zane ta yi zane, mai murya ta karanta kanun labarai a taron safe. Ki ajiye akwatin wasiƙu kusa da allon, ɗalibai za su cika miki rabin shafi. Ki tsayar da rana guda ta liƙa jaridar, ko da shafi biyu ne, kada ta taɓa wucewa.

Ki kuma ja 'yan aji ɗaya a jiki tun yanzu. Baɗi jarrabawar WAEC da NECO za su ɗauke miki hankali, kuma nan ne jaridun makaranta ke mutuwa. Ki roƙi malamarku ta rubuta wa Tsangayar Sadarwa ta Jami'ar Bayero, ko Rediyon Kano, ko Freedom Radio, a nemi izinin kai ku ziyara ku ga yadda ake taron editoci da safe. In an samu, ki sa ƙananan a gaba.