Tambaya da Amsa: Ɗana ya shiga gasar kurme da abokansa, wai ƙarfin zuciya yake nema

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Bukoki nan Yamai. Ɗana shekararsa 14, ya daɗe yana ninƙaya a wani kulob. Da fari kamar ya kwana a pisin, wato tafkin ninƙaya, don so, amma tun bara lokacinsa na mita 50 ya tsaya cak, na bayansa sun fara wuce shi, har ya soma cewa shi ba shi da zuciya. To yanzu wani babba a cikinsu ya koya musu abin da ya gani a TikTok: in koci ya tafi, sai su yi ta jan numfashi da sauri da sauri, sannan su yi kurme a ga wanda zai fi nisa bai ɗago ba. Wai haka ake buɗe huhu, a gina ƙarfin zuciya. Ran Asabar ya dawo da ciwon kai, yana ba ni labari da alfahari cewa sai da ya ga duhu-duhu kafin ya taso. Babansa ya ce in ƙyale shi, namiji ne. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Horon ke nan, ko in cire shi daga kulob ɗin?

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Kada ki raba shi da ninƙaya, amma wannan kurmen ya tsaya daga yau. Duhun nan da ya gani, daga shi sai suma, kuma wanda ya suma a ƙasan ruwa ba ya iya kiran kowa.

Bari in fara da lokacin da ya tsaya, tunda daga nan matsalar ta samo asali. Yaro tsakanin shekara 13 da 15 jikinsa yana sauyawa: hannu ya yi tsawo, ƙafa ta yi tsawo, nauyi ya ƙaru, ƙarfin da zai ja su kuma bai iso ba tukuna. Wanda ya riga shi balaga zai wuce shi ko da bai kai shi iya salo ba. Ga kuma namu na Yamai. Disamba da Janairu ruwan pisin ya yi sanyi, yara su rage zuwa. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, injin tace ruwa ya tsaya, ruwa ya yi kore, a rufe. Azumi ya zo, jarabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ta matso. Ki zauna da shi ku lissafa makonnin da ya yi horo a jere ba yankewa, za ku ga ba zuciyarsa ce ta gaza ba. Ya samu ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ke hannunsa: bugun hannu nawa yake yi a tsawon pisin ɗaya, yaya juyinsa a bango, yaya tashinsa. Koci ya ɗauke shi daga mita 50 na ƴan watanni, ya gwada shi a mita 200 ko iyon rigingine, inda ba ya da tsohon lokacin da zai riƙa cin ransa.

Ki ba shi labarin gasar Olamfik ta Sidni a 2000, wanda mu ƴan ninƙayar Nijar ba mu manta ba, domin ɗanmu Karim Bare yana cikin rukunin. An fitar da shi da wani ɗan Tajikistan saboda sun riga ƙarar tashi, aka bar Eric Moussambani na Gini Ikwatoriya shi kaɗai a ruwa. Kafin nan bai taɓa ganin pisin mai mita 50 ba. Ya ƙare mita 100 da kyar a minti 1 da sakan 52.72, duniya ta yi masa tafi, wasu suka yi dariya. Zuwa 2004 ya sauko ƙasa da sakan 57. Shekara huɗu yana komawa ruwa bayan an yi masa dariya: in ana neman zuciya a wasanmu, ita ke nan.

Yanzu ga abin da ya dame ni, kuma ki yi haƙuri zan tsawaita, don kusan kullum sai na yi faɗa a kansa.

Yaran nan sun ɗauka in suka yi ta jan numfashi da sauri, jini zai cika da oksijin. Ƙarya ce. Jinin mai lafiya dama a kusan cike yake da oksijin, ba inda za a ƙara zubawa. Abin da suke yi shi ne fitar da iskar kabon daga jini. To ita wannan iskar kabon, taruwarta ce ke sa ƙirji ya matse, maƙogwaro ya fara motsi, mutum ya ji dole sai ya ɗago. Jiki ba ya jin ƙarewar oksijin da wuri, taruwar kabon yake ji. In ka fitar da ita tun kafin ka nutse, ka yi daidai da wanda ya tsinke wayar allurar mai a babur ɗinsa: mai na ta ƙarewa, allura ba ta motsa ba, sai dai injin ya mutu a tsakiyar titi.

Ga yadda abin ke faruwa a bakin ruwa. Yaro ya kama bango, ya yi ta haki da gangan har leɓɓansa su fara tsiri-tsiri, yatsunsa su yi kamar ba nasa ba, kansa ya ɗan juya. Abokai su ce yawwa, ya cika. Ya tura bango ya tafi. Ya ci mita 25, ya juya, kuma daɗi yake ji, ba matsi ko kaɗan, har yana raya wa kansa yau zai kafa tarihi. Sai bugun ƙafar ya yi sanyi. Sai kumfa ta fito daga bakinsa. Sai ya sulale ya kwanta a kan tayil. Ba ihu, ba fantsama ruwa, ba ɗaga hannu. Su kuma na bakin pisin idonsu na kan agogon waya, suna ƙirga masa sakan, suna cewa kai, wannan ya fi kowa. Can jiki zai ja numfashi da kansa, kuma ruwa zai ja. Wanda ya nutse ta wannan hanya ƙwaƙwalwarsa tana lalacewa da sauri fiye da sauran masu nutsewa, domin tun kafin ya suma ya riga ya ƙone oksijin ɗinsa.

Abin takaicin shi ne ba rago yake ɗauka ba. Rago da ya ji matsi zai ɗago ya ce ya gaji. Mai naci yake ɗauka, wanda aka ce masa ba ya da zuciya yake son ya nuna yana da ita, wato irin ɗanki. Ƙwarewa kuma ba ta kare kowa. A gasar duniya ta Budapest a 2022, Anita Alvarez ta Amurka, ƙwararriyar ninƙayar rawa, ta suma a ƙarshen wasanta ta nutse har ƙasa. Kocinta Andrea Fuentes ce ta faɗa ruwa da tufafinta ta ciro ta. Wannan fa a gaban alƙalai da likitoci da kyamarori. Ɗanki kuwa a gaban wa yake yi? Yara sa'anninsa, bayan koci ya hau babur ya tafi.

Za su ce miki ai zakarun duniya ba sa numfashi a mita 50. Gaskiya ne da yawansu sau ɗaya suke ja ko ma ba sa ja. Amma César Cielo na Barazil sakan 20.91 ya yi a 2009. Sakan ashirin da ɗoriya, a saman ruwa, kowa na kallonsa. Ina wannan ina yaron da zai yi minti guda a ƙasa? Kuma dokar hukumar ninƙaya ta duniya a bayyane take: a salon kurol (iyon rub-da-ciki) da rigingine da fafiyon (iyon malam-buɗe-littafi), bayan tashi da bayan kowane juyi, dole kai ya fito kafin a wuce mita 15, in ba haka ba an fitar da kai. Saboda haka ko ya iya mita 50 a ƙarƙashin ruwa, ba lambar da za a rataya masa. Hausawa sun riga sun gama magana: iya ruwa fid da kai. Huhun ma ba ya buɗewa da wannan. Abin da ke ƙaruwa kawai shi ne iya yin biris da gargaɗin jiki.

Akwai horon numfashi na gaskiya, muna yinsa: jan numfashi bayan bugu 3 ko 5 ana tafiya a saman ruwa, ko bugun ƙafa a ƙasa wanda bai wuce mita 15 ba, mutum ɗaya bayan ɗaya, da hutu tsakani, koci na tsaye a kansu, ba haki kafin tashi, ba gasa. Yaro ya ji matsi, ya ɗago, ba wanda zai ce masa uffan. A 2015 hukumar ninƙaya ta Amurka da ƙungiyar agaji ta Red Cross da ƙungiyar matasa ta YMCA na ƙasar sun fitar da gargaɗi tare a kan wannan sumar, ƙasar da ta fi kowa lambobin ninƙaya a Olamfik ke nan. Amma mu a nan wani mai waya da bai taɓa ciro yaro daga ruwa ba shi ne malamin ƴaƴanmu.

In abin ya faru kuma, sai a shiga kashi na biyu na jahilci. A ce ƴan ruwa ne suka ja shi, ai gwani ne, ta yaya gwani zai nutse. Ba na jayayya da kowa a kan gaibu, amma yaron da ya yi haki sau talatin ya kwanta a ƙasan pisin, sanadinsa a fili yake. Wannan magana daɗi take wa masu sakaci, don ba wanda zai tambayi aljani ina mai tsaron ruwa yake. Sannan a ciro yaro a yi ta danna masa ciki, ko a riƙe ƙafafunsa a juya kansa ƙasa wai a zubar da ruwa. Abin da ke fitowa na ciki ne, amai ne, kuma yana iya komawa huhu. Mintunan da za su cece shi a nan suke ƙarewa. Iska yake bukata. A kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, wani ya kira ƴan kwana-kwana a 18, a ɗaga haɓarsa, in ba ya numfashi a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30, hura iska sau 2, a yi ta yi har taimako ya iso. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, asibiti za a kai shi.

Ki kuma sa ido in Afrilu ta kama, zafi ya haura 40. Yaran da ke wannan gasa a pisin su ne za su gangara kogin Isa, wato kogin Neja, su yi ta. A pisin ko ba komai ana ganin ƙasa. A kogi ruwa ya yi laka, ga igiyar ruwa, ga dorina, ga tsargiya, wanda ya sulale sai dai Sarkawa su nemo shi da kwalekwale.

Ba yara kaɗai nake zargi ba. Na sha ganin takardar shaidar lafiya da aka buga wa hatimi ba a ko saurari ƙirjin yaro ba. Na sha ganin pisin da mai tsaron ruwansa shi ne mai karɓar kuɗi a ƙofa, bayansa ga ruwa. Ranar 25 ga Yuli, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe don yaƙi da nutsewa, ana iya taruwa a raba riguna a yi jawabi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, amma ka koma bakin ruwan ba ko sandar da za a miƙa wa mai nutsewa.

Ki isar min da saƙo wurin babansa, Alhaji, cikin girmamawa. Alhaji, namiji ma da oksijin yake rayuwa. Yaron nan amana ce, kuma Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. In dai jarumta kake so ya koya, ka riƙa kai shi horo da kanka ran da ɗari ya sa abokansa suka lafe a gida, ka zauna ka kalle shi. Yaro da ya ga ubansa a bakin pisin ba ya bukatar kurme don a san da shi.

Shi kuma yaron kada ki kunyata shi a gaban abokansa, domin su ne ke dawo da shi ruwa, in kika raba shi da su kin raba shi da wasan. Ki same shi shi kaɗai, ki bayyana masa yadda sumar ke zuwa kamar yadda na faɗa miki, yaran shekarunsa sun fi karɓar bayani a kan tsawa. Ki kai maganar wurin koci, ba don a kori babban yaron nan ba. Ni da nawa ne, shi zan fara koya wa danna ƙirji da hura iska, in ɗora masa nauyin ƙananan, tunda dama shi suke bi. Ku iyaye kuma ku haɗa kai ku yi juyi, kowace rana a samu babba ɗaya da zai tsaya har yaro na ƙarshe ya fito ya sa riga.

Kafin ya koma ruwa, ki kai shi likita ya gwada zuciyarsa da na'ura, ki faɗa masa maganar duhun da ciwon kan, ki kuma faɗa masa in akwai farfaɗiya ko sikila ko mutuwar fuji'a ta matashi a dangi. Sannan ki tambayi koci abu biyu: wa ke kan ruwa bayan ya tashi yara, kuma wa ya iya farfaɗo da wanda ya nutse a cikin ma'aikatan wurin. In ya fara kame-kame, ki nema wa ɗanki wani kulob.